Wa Zai Rubuta Mana Labarin Gidan Ƙasa?

Duk shafin gyaran gida da kika buɗe a Facebook ko Instagram, kusan abu ɗaya za ki tarar: kujerun Turkiyya, labulen Dubai, da kicin mai ƙyalli kamar ba a taɓa ɗora tukunya a cikinsa ba. Da kyau kam, ba musu. To amma matar da ke Kucheri, a bakin titin Funtuwa zuwa Gusau, wadda katangarta ta fara zaizayewa tun ruwan farko, me za ta tsinta a ciki?

A nan akwai sana'ar da ke jiran masu ita. 'Yan matanmu da ke karanta aikin jarida a Jami'ar Bayero ko wasu makarantu, yawancinsu siyasa suke hange, ko karanta labarai a talabijin. Rubutu kan gida ana yi masa kallon aikin cike shafi. Ni kuwa da nake jinya, na san yawancin cututtukan da ake kawo mana daga tsakar gida suke tasowa.

Mu tuna 2010. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum, yara sama da 400 gubar dalma ta kashe, saboda ana daka duwatsun zinare a cikin gidaje, wani lokaci a turmin da ake daka hatsi. Ƙurar ta zauna a ƙasan da yara ke rarrafe. Bayan magani, sai da aka kankare ƙasar tsakar gidajen aka zubo sabuwa. Wannan ma gyaran gida ne, kuma da an samu mai bayyana shi da wuri cikin Hausar da kowa ke ji, wa ya san rayuka nawa za su tsira? Haka sanƙarau ta 2017, wadda ta fi yi wa Zamfara ɓarna: cunkoso a ɗaki mai rufin kwano da 'yar taga ɗaya, cikin zafin bazara, yana taimaka mata yaɗuwa.

Wadda ke son shiga wannan fage, ta fara da zama da magina. Ta tambayi yaushe ake yaɓe, me ya sa indararo gajere ke cinye gindin katanga, yaya ake gane azarar da gara ta shiga. Ta san cewa ana so masai ya yi nesa da rijiya da aƙalla mita 30, sannan ta nemo abin da mai ƙaramin fili zai yi, domin nan ne aikin yake. Ta je kasuwar Tsafe ta ji farashi da kunnenta. Jeren amarya ma ba a bar shi a baya ba, amma a faɗi nawa ya ci, da bashin da ya bari a wuyan uwa.

Kuɗin fa? Kaɗan ne da farko, kada a ruɗe ki. Jaridu irin su Aminiya da Leadership Hausa da gidajen rediyon Gusau wuraren gwada sa'a ne, amma ki riƙe wata sana'ar a gefe. Jarrabawar na zuwa ne ranar da mabiya suka yi yawa, masu man bilicin da haɗe-haɗen da ba su da lambar NAFDAC suka fara turo tayin talla, kuma su ne suka fi biya da tsoka.