Cire kwanon ɗaki ba notis ba ne

Duk wanda ya taɓa zaman haya ya san labarin. An saɓa a kan kuɗin shekara, sai mai gida ya turo kafinta a yaye kwanon ɗaki ana tsakiyar damina, ko ya yanke wuta, ko ya garƙame ƙofa da sabon kwaɗo. In ka yi magana ya ce, "Gidana ne, da gumina na gina." Nasa ne kuwa, babu mai ja. Sai dai a dokar Najeriya, mallakar gida ba ta ba mutum damar fitar da ɗan haya da hannunsa. Wannan hurumin kotu ne.

Ko gwamnati ba ta sha ba a kan wannan. Gwamnatin soja ta jihar Legas ta taɓa tura jami'ai ɗauke da makamai suka fitar da Odumegwu Ojukwu daga gidan da yake zaune a Ikoyi, alhali maganar gidan tana gaban alƙali. Da aka je Kotun Ƙoli a 1986, kotun ta yi tir da abin, ta kuma ƙi biya wa gwamnatin buƙatarta. To in mai bindiga bai wanye lafiya ba, ina ga mai kwaɗo?

Kowace jiha da dokarta, amma hanyar kusan ɗaya ce. A Abuja, matuƙar ba a yi yarjejeniya a kan wani wa'adi dabam ba, mai biyan haya mako-mako notis ɗin mako ɗaya ake ba shi, mai biya wata-wata kuma wata ɗaya, mai biyan shekara wata shida. Wa'adin ya cika bai tashi ba, sai a sake kai masa wata takarda ta kwana bakwai, mai sanar da shi cewa za a kai ƙara. Daga nan sai kotu. In alƙali ya ce a tashi, ma'aikatan kotu ne za su fitar da kaya, ba samarin unguwa ba. Masu gidaje da yawa sun faɗi shari'ar da suke da gaskiya a cikinta don kawai notis ɗin bai cika kwanakinsa ba, dole suka sake sabon lale.

Amma fa ɗan haya kada ya miƙe ƙafa. Akwai wata gurguwar fahimta da ta yaɗu, wai wata shidan nan zaman kyauta ne. Ba kyauta ba ne. Duk kwanan da ka yi a gidan mutane bashi ne a kanka, kuma kotu za ta iya sa ka biya har ranar da ka miƙa makulli. Haka nan fasa bango a fitar da shago, ko saka wani a ɗakin kana karɓar kuɗi ba da sanin mai gida ba, duk abubuwa ne da kan karya yarjejeniya.

Inda aka fi cutuwa shi ne wajen biya. Kunya ta sa muna miƙa kuɗin shekara hannu da hannu, a ce ai Alhaji mutumin kirki ne. Ranar da Allah ya karɓi ransa magada suka zo rabon gado, ko dillali ya musa cewa ya karɓa, da me za ka kare kanka? Dokar haya ta Legas ta 2011 ta wajabta wa mai gida ba da rasit, ta kuma haramta karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya. Ko a inda kake, nemi rasit mai ɗauke da kwanan wata, da adadin kuɗin, da watannin da aka biya. In ta banki ka tura, ajiye shaidar. A takardar yarjejeniya kuwa a rubuta wanda zai gyara yoyon rufi da wanda zai biya kuɗin yashe masai, don a nan yawancin rigimar gidan haya take farawa.