Ƙaura Zuwa Kurmi

Tun zamanin da, Hausawa mutane ne masu fatauci. Da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano daga Ikko a shekarar 1911, sai tafiyar da fatake kan yi wata da watanni ta koma ta 'yan kwanaki. Mutane da yawa suka gangara Kurmi, watau ƙasar kudu mai yawan itatuwa, suna kai shanu, suna sayo goro. Waɗansu suka zauna can. A Badun har aka yanka musu unguwa a shekarar 1916, ana ce da ita Sabo.

Har yau magidanci yakan ji labarin arzikin Kurmi, ransa ya biya. Amma mai hankali ba ya ɗaure kaya sai ya auna abu uku.

Na fari, sana'a. Mahauci da maɗinki da dillali ba su rasa abin yi a babbar kasuwa. Manomin gero kuwa, ƙasar ba irin tasa ba ce. Can ruwan sama ya yi wa gero yawa, sai doya da rogo da masara. Ga kuma ƙudan tsando mai sa wa shanu sammore.

Na biyu, masauki. Baƙo ba ya jin Yarabanci, bai san farashi ba. Dole ya sami maigida wanda zai sauke shi, ya tsaya masa, ya kai shi gaban Sarkin Hausawa. In babu wannan, kuɗin haya da na abinci su cinye jarinsa.

Na uku, abin da zai bari a baya. Ga tsofaffin iyaye, ga gonar gado. Wanda ya ba ɗan'uwansa aron gona yana da wurin komowa. Wanda ya sayar kuwa, in Kurmi ta ƙi shi, ina zai nufa?

Saboda haka masu dabara sukan fara da cin rani. In an gama kaka, mutum ya tafi shi kaɗai, ya gwada sana'arsa, ya komo kafin shuka. In ya yi haka sau biyu ko uku ya ga da riba, sa'an nan ya kwashi iyalinsa. Gama Hausawa sun ce, gani ya kori ji.