Cijewar Inji Lokacin Taka Totur: Ƙaramar Matsala Mai Cin Jarin Masu Sufuri

Direban da ke kan hanyar Abuja zuwa Lokoja ya fito zai wuce tirela, ya taka totur, sai motar ta yi jim kamar numfashinta ya ɗauke, sa'an nan ta zabura ta ci gaba. Abin bai wuce daƙiƙa ɗaya ko biyu ba, kuma da yake motar ba ta mutu ba, yawancin masu ita ba su kai ta gareji. Amma a wannan ɗan lokaci ne motar da ke tahowa daga gaba take cin tazarar da direban ya yi lissafi da ita.

Matsalar ta fi yawa a motocin da suka ci dogon zango, kuma irinsu ne akasarin abin da 'yan kasuwa da masu sufuri ke hawa a Nijeriya, domin motar da aka shigo da ita ta Kwatano ko ta tashar jiragen ruwa ta Legas ta riga ta yi shekaru a hannun wani a Turai ko Amurka.

Injin fetur yana bukatar iska da mai a kan wani ma'auni, kimanin kashi 14.7 na iska ga kashi ɗaya na mai bisa nauyi, tare da tartsatsin wuta daga fulogi a daidai lokacinsa. Da zarar an taka totur, iska ce take fara kwarara, domin ta fi mai sauƙin motsi. Idan man bai biyo ta nan take ba, ko wutar ta gaza kunna abin da ya shiga, sai injin ya cije. A tsofaffin motoci masu kafireto, irin Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, akwai wani ɗan famfo a jikin kafireton da ke fesa ƙarin mai a wannan lokaci; idan robarsa ta bushe ko ƙofarsa ta toshe, motar ta dinga cijewa ke nan. A motoci masu injekta kuwa, ƙwaƙwalwar motar ce ke wannan aiki, bisa labarin da take samu daga sensar totur da sensar da ke auna iska.

Inda asara take shiga shi ne wajen gyara. An saba ganin bakanike ya saurari inji, ya ce famfon mai ne. A je Ladipo a Legas, ko Apo a Abuja, ko Panteka a Kaduna a sayo famfo, a ɗaura, matsalar tana nan. Gobe ya ce kwail ne, jibi ya ce nozul. Kafin a gano cewa wani tiyon iska ne ya tsage, mai mota ya biya kuɗin kaya uku da bai bukata, ban da kwanakin da motar ta yi ba ta kawo ko sisi ba. Ga mai motar haya, kwanakin nan sun fi kayan tsada.

Bincike na gaskiya yana farawa ne da bayanin direba. Idan motar tana cijewa da sanyin safiya kawai, ta daina bayan ta ɗumama, zargi ya fi karkata ga sensar zafin inji ko dattin da ya taru a bakin totur. Idan sai an ɗora mata kaya ko an doshi hawa take fizga, a duba ɓangaren wuta, wato fulogi da kwail da wayoyinsu, domin tartsatsi ya fi wahalar fita sa'ad da matsi ya yi yawa a cikin silinda. Idan kuwa tana rasa ƙarfi a dogon gudu, musamman in mai ya yi ƙasa a tanki, to matatar mai da famfo ne abin tuhuma. Akwai kuma abin da ake ruɗawa da wannan: idan ƙarar inji ta tashi amma gudu bai ƙaru ba, injin lafiyarsa lau, kuloci ne ko giya ke zamewa.

Daga nan sai a bi kayan daga mai araha zuwa mai tsada. Matatar iska ita ce farko, kuma a lokacin hunturu ƙura kan toshe ta tun kafin wa'adin da kamfanin motar ya rubuta, wanda ba a yi shi da la'akari da hanyoyinmu ba. Ƙurar da ta tsallake matatar takan manne a kan siririyar wayar sensar iska, sai ta riƙa ba ƙwaƙwalwa lissafin da bai kai ba. Wanke ta da maganin da aka yi dominta yakan wadatar. Fulogi na yau da kullum yakan gaji bayan kimanin kilomita 30,000, mai bakin iridiyam kuwa yakan kai 100,000. Shi famfon mai ba a yanke masa hukunci da kunne. Akwai ma'aunin matsi da ake jonawa a bututun mai, kuma a yawancin motoci masu injekta na da ana sa ran ganin kimanin ba uku. Idan allurar ta faɗi sa'ad da aka taka totur, an sami shaida.

Motocin da aka sayar a Amurka tun daga 1996, da masu amfani da fetur da aka sayar a Tarayyar Turai tun daga 2001, suna da wata kafa a ƙarƙashin sitiyari da ake jona na'urar bincike. Lambar P0300 tana nufin wuta na tsallakewa a silinda fiye da ɗaya, P0171 kuma tana nufin iska ta rinjayi mai. Sai dai lambar tana nuna alama ne kawai, ba ta faɗin kayan da ya lalace, kuma wasu masu na'urar sukan goge ta su karɓi kuɗi, fitilar ta sake kunnuwa bayan kwana biyu.

Tsadar mai ta ƙara wa lamarin nauyi. Bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kimanin 500, ta kuma haura 1,000 a wurare da dama kafin ƙarshen 2024. Direbobi da yawa sun koma sayen mai kaɗan-kaɗan, alhali famfon da ke cikin tanki da man yake sanyaya jikinsa, don haka yawan tafiya da tanki kusan wayam yana rage masa kwana. Ingancin man ma abin dubawa ne. A farkon 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam, ya lalata injuna a Legas da Abuja. Wanda motarsa ta fara cijewa jim kaɗan bayan ya sha mai a hannun 'yan bumburutu, ya kamata ya fara da zuƙe tankin kafin ya taɓa wani abu.

Jinkiri ma yana da farashinsa. Man da bai ƙone ba a silinda yana gangarawa cikin salansa, ya ƙone a cikin matatar hayaƙi, wadda kanikawa ke kira indomi, har ta narke ta toshe. Kuɗin wannan matata ya ninka na fulogi sau da yawa, kuma fitilar inji da ke ƙyaftawa maimakon ta tsaya cak tana nuna cewa ɓarnar ta riga ta fara.