Me ya sa bango ke rikiɗa idan ya tashi daga wata manhaja zuwa wata?

Ka taɓa tura wa wani takardar da ka rubuta a kwamfuta, ya buɗe a tasa ya tarar layuka sun hargitse? To ka ɗanɗana kaɗan daga abin da masu zanen gine-gine ke fama da shi. Sai dai nasu ya fi tsada, domin abin da ke gocewa ginshiƙi ne ko bututun ruwa.

Babban gini ba mutum ɗaya ke tsara shi ba. Mai zane na iya aiki da Archicad, manhajar kamfanin Graphisoft na ƙasar Hangari. Injiniyan ƙarfe yana kan Tekla. Mai tsara wayoyin lantarki da bututai yana kan Revit, wadda kamfanin Autodesk ya saya a 2002. Kowace da irin fayil ɗinta, kuma ba lallai ta gane na 'yar'uwarta ba. Kai, ko Revit ɗin kanta, fayil ɗin da sabon fitowarta ya adana, tsoho ba ya iya buɗe shi.

A da abin bai kai haka wuya ba. Zanen kwamfuta na farko layuka ne kawai, kuma tun 1982 akwai tsarin fayil na DXF da ke kai su daga manhaja zuwa manhaja. Kwamfuta ba ta san cewa layuka biyu da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa bango ba ne, mutum ne ke fassarawa da idonsa. Yanzu kuwa ana gina cikakken samfurin ginin a cikin kwamfuta, hanyar da ake kira BIM. A nan bango ya san shi bango ne: kaurinsa, na bulo ne ko kankare, a hawa na nawa yake, awa nawa zai jure wa gobara. Ka ga kenan kayan da za a ɗauka sun ƙaru, siffa da ma'ana duka.

Don haka aka ƙirƙiro IFC. A 1994 Autodesk ya tara kamfanoni 12 na Amurka don su samar da harshe guda, ƙungiyar da daga baya ta zama buildingSMART. A 2013 tsarin ya zama ma'aunin duniya mai lamba ISO 16739. Fayil ɗin IFC rubutu ne zalla, kana iya buɗe shi ka karanta. Za ka ga IfcWall, wato bango, da IfcDoor, wato ƙofa, kowane da lambar shaidarsa mai harafi 22. Har alaƙa yana riƙewa: wannan bangon yana da gurbi, wannan ƙofar ce ta cike gurbin.

To ina matsalar take? Ka ɗauki tela. Idan ya ba ka rigar da ya gama ɗinkawa, kana iya auna ta, ka duba yadin, ka ƙirga maɓallai. Amma bai ba ka lissafin da ya yanka yadin da shi ba. Haka IFC yake. A cikin manhajar da aka zana shi, matakalar bene ƙa'ida ce: idan aka ɗaga hawa na sama, sai ta sake lissafa takunta da kanta. Bayan ta ratsa ta IFC, sau da yawa sai ta iso a sandare, siffarta daidai amma ba ta gyaruwa. Kowane kamfani da yadda ya gina ƙa'idojinsa, kuma su ne jarinsa, ba ya gaggawar raba su.

Wani laifin kuma na mutane ne. Idan mai zane bai gaya wa manhaja abin da ya zana ba, sai ta fitar da shi da sunan IfcBuildingElementProxy, wanda ma'anarsa kusan "wani abu" ce. Mai lissafin kayan gini ya nemi jimillar tagogi, waɗannan ba za su shiga ba, kuma babu ƙararrawar da za ta buga. Akwai kuma batun wurin da kowa ya fara awo: idan ba a daidaita shi ba, bututai su bayyana can nesa da ginin.

Wannan ba ƙaramin kuɗi yake ci ba. Wani rahoto da hukumar ma'aunai ta Amurka, NIST, ta fitar a 2004 ya ƙiyasta asarar dala biliyan 15.8 a shekara a harkar manyan gine-ginen ƙasar, saboda bayanai ba sa wucewa lami lafiya tsakanin masu aiki. Mafi yawanta kuma a kan masu ginin da masu kula da shi take faɗawa.

A ganinmu, IFC ya fi amfani idan aka ɗauke shi abin dubawa. Ka ɗora samfurin injiniya a kan naka, ka gano inda bututu ya ratsa ginshiƙi tun ba a zuba siminti ba. Kada ka gyara masa da kanka. Ka tura masa ɗan saƙon BCF mai ɗauke da hoton wurin da lambar shaidar abin, shi ya gyara a manhajarsa. Kuma tun ranar farko ku yarda a kan fitowar da za ku bi, domin IFC2x3 na 2006 har yanzu yana yawo sosai, alhali IFC4.3 ya zo da hanyoyi, gadoji da layin dogo. Sannan ku gwada da ɗaki guda mai ƙofa, taga da matakala, ku ga abin da ya iso ɗaya ɓangaren kafin ku tura bene mai hawa goma.