Mene ne husufin wata?

Husufin wata, wanda Hausawa ke kira zazzaɓin wata, yana faruwa ne idan duniya ta shiga tsakanin rana da wata, inuwarta ta rufe shi. Wata ba shi da hasken kansa, na rana yake aro. Shi ya sa ba a yin husufi sai daren 14 ko 15 ga watan Musulunci, lokacin da watan ya cika.

To me ya hana a yi shi kowane wata? Hanyar da wata ke bi ta karkace da kusan digiri 5, don haka galibi yakan wuce ta sama ko ta ƙasan inuwar.

Idan inuwar ta rufe shi ɗungurungum sai ya yi jajawur, domin iskar da ta kewaye duniya tana tace hasken rana, jan ne ya fi kaiwa gare shi. Na 27 ga Yulin 2018 ya kai minti 103 a haka, mafi tsawo a wannan ƙarni. Kallonsa da ido ba ya cutarwa, saɓanin husufin rana.

A Indiya masu duba taurari na cewa wani abu da suke kira Rahu ne ke haɗiye watan, har a hana masu juna biyu fita, ko da yake kimiyya ba ta gano wata illa ba. A ƙasar Hausa yara kan fito da gwangwanaye suna kiɗa, wai rana ta kama wata. Malamai kuwa sallar husufi suke kira a yi, suna tunatarwa cewa Annabi (SAW) ya ce husufi bai da alaƙa da mutuwa ko rayuwar kowa.