Bam Ta Ƙofar Jirgi

Duk mutumin Keffi ya san barikin Shittu Alao, inda bataliya ta 177 ta dakarun tsaron shugaban ƙasa take. Ɗan acaɓa zai kai ka bakin ƙofa ba sai ka yi masa kwatance ba. Amma tambaye shi wane ne mai sunan, sai ya hau sosa ƙeya. Kanar Shittu Alao shi ya riƙe rundunar sojin saman Nijeriya daga 1967 zuwa 1969, ana tsakiyar yaƙin basasa, lokacin da kowane ɓangare ke yaƙi da abin da hannunsa ya kai.

An kafa rundunar a 1964 da taimakon Jamus ta Yamma. Da yaƙi ya ɓarke a Yulin 1967, ba ta da jirgin yaƙi ko ɗaya, sai ƙananan jiragen koyon tuƙi da na aike. Shi ya sa aka karɓo jiragen fasinja samfurin DC-3, aka ɗora musu aikin ruwan bama-bamai. A jera bama-baman a cikin jirgi, a buɗe ƙofar gefe, matuƙi ya auna da ido, in ya ba da alama waɗanda ke baya su tura. Babu na'urar saiti. Inda iska ta kai bam, nan ya faɗa.

Can ɓangaren Biyafara ma haka. Suna da jirage masu saukar ungulu ƙirar Alouette, waɗanda aka yi don ɗaukar mutane da leƙen asiri, sai ga su ana jefo bam ɗin haɗin gida daga cikinsu da hannu. Akwai kuma tsohon jirgin B-26 da wani ɗan Folan, Jan Zumbach, ya kai wa filin jirgin Makurɗi hari da shi. Jirgin fasinja F27 da suka karkatar zuwa Inugu a Afrilun 1967 shi ma an loda masa bama-bamai, ya tarwatse a sararin Legas ranar 7 ga Oktoba.

A shekarun nan dai, matuƙan ƙananan jiragen OH-6 na Amurka a Biyetnam kan bi ta kan bishiyoyi don a harbe su, maɓoyar abokan gaba ta tonu. Su ma sun yi ta haɗa bam a akwatin harsashi. Sai dai su, ga kaya jibge, ƙari kawai suke yi. Namu rashi ne ya koya musu.

Jiragen MiG-17 na Tarayyar Sobiyet sun iso Kano a Agustan 1967, Biyafara ta rasa sararin sama. Amma a Mayun 1969 wani ɗan Suwidin, Carl Gustaf von Rosen, ya harhaɗa ƙananan jiragen koyo guda 5 a Gabon, ya shafa musu koren fenti, ya ɗaura musu rokoki. Suna tafe dab da ƙasa, ba a ankara ba sai ga su a Fatakwal, Benin da Inugu, suna lalata jiragen da suka ninka su tsada a inda aka ajiye su.

'Yan mazan jiya kan ba da irin wannan labari suna dariya, kuma sun cancanci a saurare su. Ni dai ba na iya raba shi da ɗaya gefen. Bam da aka auna da ido bai san bariki ba, bai san kasuwa ba, kuma fararen hula da yawa sun mutu a hare-haren sama na wannan yaƙi, musamman a kasuwanni da asibitocin yankin Biyafara.

Alao kansa ba shugaban zaman ofis ba ne. Ranar 15 ga Oktoban 1969 yana tuƙa jirgin L-29 shi kaɗai, yanayi ya ɓaci, mai ya yi ƙasa. Ya yi ƙoƙarin saukar gaggawa a Uzebba, jirgin ya daki bishiya, ya rasu.

Wata dabarar kuma ita ce ta Uli. Bayan faɗuwar Fatakwal a 1968, Biyafara ta faɗaɗa wani yanki na titin Anaca zuwa Owerri ya zama filin jirgi. Da rana a rufe shi da ganyaye, da dare a kunna fitilu na 'yan daƙiƙoƙi kafin jirgin agaji ya taɓa ƙasa, a kashe, domin DC-3 na tarayya yana shawagi a sama yana jiran haske. Ta wannan titi jagoran Biyafara, Ojukwu, ya fice zuwa Kodebuwa a Janairun 1970.