Ƙidayar Motoci Kafin Shimfiɗa Hanya: Misali Daga Ƙasar Gumel

Ba a shimfiɗa hanyar mota da ka. Tilas a fara ƙidaya motocin da za su bi ta, a san irinsu da nauyinsu.

Alal misali, wanda ya yi ƙidaya a hanyar Gumel zuwa Maigatari ran Litinin zai zaci ba ta da aiki sosai. Amma ran Alhamis, da kasuwar Maigatari ke ci, fatake kan kawo dabbobi daga Nijar, manoman Sule Tankarkar da Gagarawa su kawo amfanin gona, manyan motoci su yi lodi su nufi Kudu.

Su ne kuwa masu cin kwalta. Gwajin da aka yi a Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna cewa in nauyin da ke kan tayoyi ya ninka biyu, ɓarnar takan ninka wajen sau 16.

Saboda haka ma'aikacin da ya dogara ga ƙidayar rana ɗaya, aka yi kwalta marar kauri, dukiyar jama'a ya zubar. Wajibi ne ƙidaya ta game mako cikakke, a kuma maimaita ta da kaka da damina.